Maigida Ya Ƙi Abin Kunne

Talata, da hantsi

Inna, kina ina ne yanzu da nake nemanki. Da kina raye da tuni na yafa mayafi na zo na zauna a bakin gadonki, ki ce ke kuma yau da me kika zo. To ba kya nan, Allah ya ji ƙanki, shi ya sa nake danna miki magana a waya. Malama ce ta nuna min wurin rubutun nan. Jikarki fa, wadda kika ce anya za ta yi magana don ta daɗe ba ta fara ba. Yanzu ita ke koyar da yara a can garin da take aiki, bakinta ba ya rufuwa. Ta ce Umma in abu ya cika miki ciki ki rubuta shi. Rubutun nawa dai kin san shi, aji huɗu na tsaya, sai haƙuri.

Magana biyu ce. Ta farko, surukinki ya ƙi abin kunne. Kin san injin yankan katako ya fara cinye masa kunnuwa tun kina nan. To yanzu abin ya yi nisa, in ba ihu na yi ba sai dai ya kalli bakina ya yi murmushi. Malama ta zo hutu ta kai shi wurin masu awon kunne, suka ba shi wasu 'yan abubuwa guda biyu kamar ƙwayar wake, ana maƙala su a bayan kunne, da ɗan akwatinsu na caji. Ya sa ranar Asabar, ya sa Lahadi da muka raka ta tasha. Ranar Litinin ya dawo cin abincin rana ya same ni a kicin ina waya da ita, ya tsaya yana kallon famfo, ya wanke hannu, ya shiga ɗaki ya cire su. Yau ya fi sati suna nan kan durowa.

Ta biyun kuma. Ranar Litinin ɗin nan da safe ne na je asibiti na karɓo sakamakon hoton da suka yi min a ƙirji, ɓangaren hagu. Sun ce za a yi min aiki Alhamis ɗin ƙarshen wata, kuma in zo da mijina. Ban faɗa masa ba. Ta yaya zan faɗa masa, Inna? Bangon gidan hayar nan kamar kwali yake. In na ce masa shayi ya huce, sai matar tela ta amsa daga ɗakinta ta ce a ɗumama mana. Wannan ba maganar ihu ba ce. In kuma na rubuta masa, kin san shi, lambar tef ɗin awo kaɗai yake karantawa. Malama ta ce bari ita ta zo ta faɗa masa. Na ce a'a, mijina ne, daga bakina zai ji, kuma a hankali.

Sai in ya sa abin nan ke nan.

Laraba, bayan azahar

Na tare shi da ya dawo. Na ɗauko akwatin na ajiye kusa da farantinsa, na nuna masa kunnena. Ya ture shi da bayan cokali ya ce ƙwarin nan fito suke masa. Haka yake kiransu, ƙwari. Wai in yana tauna abinci ji yake kamar ana taka tsakuwa a cikin kansa, muryarsa kuma kamar yana magana a cikin durom. Na ce da ƙarfi, ai sun ce sai ka saba. Matar tela ta ce ta bango, gaskiya ne Baba, sai an saba. Kin ji fa.

Ya ci abincinsa ya tashi. Kwanan nan ba ya kallona sosai, shi da kullum idonsa yana kan bakina.

Alhamis, da yamma

Suna kan durowa.

Juma'a, da safe

Ina shara na tuna da risho ɗinki, da ranar da aka kawo min tukunyar gas na ce wallahi bam ba zai kwana a gidana ba. Ta yi wata da watanni a bayan ƙofa na rufe ta da tsohon zane kamar mara lafiya. Shi ne fa, shi ɗin nan, ya zaunar da ni ya kunna ya kashe, ya kunna ya kashe, ya kama hannuna ya ɗora a kan makunnin har na daina rufe ido. Bai taɓa min dariya ba ko sau ɗaya. Da ya yi min dariya da har yau da gawayi nake.

Shi ya sa ban son in matsa masa. Ni ma ga injin markaɗen da Malama ta kawo min can saman kabad a kwalinsa, sau biyu na kunna shi ya firgita ni na koma turmina. Waya kuwa da na ji an ce hoton jikana yana ciki, a sati ɗaya na iya ta. Mutum sai ya ga abin da yake so a cikin abu sannan yake jure masa. To shi me yake so ya ji? Na zaci ni ce.

Asabar, bayan la'asar

Matar tela ta shigo aron dutsen guga ta zauna har ta manta abin da ya kawo ta. Ta ce ita ta ji an ce abin nan ragowar jin da mutum yake da shi yake tsotsewa, in ka saba da shi shi ke nan ka zama bawansa. Ta ce kuma wai duk abin da aka faɗa a gida ana ji a can kamfanin. Na ce to ai mu mun saba, tun kafin a yi kamfanin ana jin namu. Ba ta gane ba, ko ta gane ta share.

Amma ta faɗi ɗaya da ta tsaya min. Ta ce mijinta ya ga surukinki ranar Lahadin nan da ya sa su, masu shagunan layinsu suna ta tsokanarsa, wai Kafinta ya zama ɗan leƙen asiri, wai a yi hankali yanzu eriya gare shi. Wani ma ya zo ta bayansa ya yi raɗa don ya gwada shi. Mutum da furfurarsa. Kin san shi da gudun abin kunya, ko tabarau sai da ya kusa yanke yatsa sannan ya yarda.

Ko shi ne dalili? In shi ne ai da sauƙi, ya sa a gida kawai. Minti biyar nake nema.

Lahadi, da yamma

Mun ɗan yi sa-in-sa da Malama a waya. Ta ce ita ta gaji, ta bar abubuwa da yawa don ta saya masa, shi kuma ya ajiye kamar kayan ado. Na ce ke yarinya sassauta. Na tuna mata ranar da muka je wurin awon. Mutumin nan mai farar riga ita yake ta yi wa bayani, ga nan ake dannawa, ga yadda ake gogewa, babanta yana zaune a tsakiya kamar kujerar da aka kawo gyara. Ba wanda ya ce masa Baba kana so, ko wane kala kake so. Ita ta maƙala masa ma da hannunta. Kuma yatsunsa kin san su, kamar guntayen katako, abin kuwa ɗan mitsitsi. Na gan shi da safiyar Lahadin nan yana fama da shi a gaban madubi, ya faɗi ƙasa, ya durƙusa yana lalube a ƙarƙashin gado. Da na zo zan taya shi ya ce bar shi.

Sai ta ce Umma ke fa, kina shan maganin? Na ce ina sha. Ta ce kwanaki suna tafiya. Na ce na sani, ni ce mai kwanakin.

Na ji ba daɗi da na faɗa mata haka.

Litinin, da hantsi

Yau kuma wani sabon salo. Bai tafi shago da wuri ba. Ya shigo kicin da jakar kayan aikinsa, ya sauke min gwangwanaye da kwanuka duk a ƙasa, ya ɓalle kantocin nan biyu da ya kafa min tun shigowarmu gidan. Na ce lafiya? Ya ce katakon ya fara ci. Ƙarya ne Inna, katakon nan lafiyarsa lau, ko ƙwaro ɗaya babu. Ya mayar da su ƙasa ƙasa, daidai cibiyata, kamar kicin ɗin yara. Har ƙusar da nake rataye ludayi ya cire ya sauko da ita. Bango duk ramuka.

Na yi ta faɗa, da ƙarfi kuwa, na ce abin da aka ce ka yi ba ka yi ba, wanda ba a sa ka ba ka zo ka hargitsa min kicin. Matar tela ma ba ta tanka ba yau. Shi kuwa ya share garin katakonsa tas, ya sa gishiri a inda sukari yake, ya fita.

Tsufa ne ko me.

Talata, bayan azahar

Na ɗaga bokiti ya ja min wurin nan na ƙirji. Na zauna a bakin baho har ya lafa. Suna kan durowa.

Laraba, da yamma

Na yi wata wauta. Yana zaune yana shan shayi, ni ina gefensa ina tsince shinkafa, sai na ce bari in gwada faɗa a hankali tunda ba ji zai yi ba, ko bakina ya saba. Na sunkuyar da kai don kar ya ga leɓena. Na fara, na ce Baban Malama, na je asibiti. Iyakar inda na kai ke nan. Ya ajiye kofi da sauran shayi a ciki, ya ce ya manta bai kulle injin ba, ya sa takalmi ya fita. Kunnensa kuwa babu komai, na duba.

Shi da bai taɓa manta kulle injin ba tunda na san shi.

Da ya fita na ƙarasa faɗa wa shinkafar.

Alhamis, da safe

Aikin Alhamis mai zuwa ne fa, Inna.

Sun kira daga asibiti sun ce kar in ci komai daren Laraba. Sun ƙara ce min in zo da mijina. Na ce to.

Ba wuƙar ba ce ma ta fi damuna, wannan barci zan yi. Wai bayan aikin akwai wani inji da za a dinga sa ni a ciki yana haska wurin. Na leƙa ɗakin ranar da na je, ƙato ne fari, yana wani gurnani a hankali. Ba wanda ke tsayawa da kai, duk fita suke su rufe ƙofa. Ban faɗa wa Malama ba amma na ce a raina aikin dai a yi, injin kuwa sai mun gani.

Juma'a, bayan la'asar

Zauna ki ji.

Kullum in ina goge durowa ina buɗe akwatin in duba su. Yarinyar wurin awon ta ce mana in fitilar ta yi kore sun cika, in ta yi ja suna shan caji. To da yamma kullum ja nake gani, abin da ba a amfani da shi. Da rana ban cika shiga ɗakin ba, ina kicin ko ina wurin wanki. Sai na ce ashe ma lalatattu aka ba mu, shi ya sa suke masa fito, bawan Allah yana da gaskiya ina ta ganin laifinsa. Yau da safe kafin ya fito daga wanka na jefa akwatin a jakata. Na ji yana ta buɗe durowa yana rufewa, bai tambaye ni ba, ni ma ban ce ba. Ya fita rai a ɓace.

Na hau mota na je. Mai farar rigar ba ya nan, yarinyar ce, mai kirki, ta ba ni kujera ta ce Mama me ya faru. Na ce kayanku ba su da kyau, ba a taɓa su amma caji yana zurarewa. Ta ɗauki ɗaya ta sa a ƙarƙashin fitila, ta goge da wani ɗan buroshi kamar na jarirai. Sai ta yi dariya ta ce, Mama ai wannan ana sa shi, kullum ma kuwa. Ta nuna min kan farar takarda. Dauɗar kunne ce sabuwa, da garin katako.

Na ce ba ya sawa. Ta ce to a gabanki ne ba ya sawa.

Ta ce min in gaya masa in zai kunna inji ya cire, ba laifi ba ne, kowa haka yake yi. In kuma fito yake masa ya zo da kansa ta rage, ita da shi za su zauna, shi zai ce mata daidai ko ba daidai ba. Ta ce kuma in yana sawa kar in taya shi ko zai kai azahar, wanda aka maƙala wa da hannun wani ba ya daɗewa da shi. Na ce to. Ban san ma yadda na iso gida ba. Na mayar da su kan durowa.

Asabar, da hantsi

Na leƙa bayan fitarsa. Akwatin yana nan, cikinsa wayam.

Ashe kowa yana so ya ji, mai kawo katako, mai shayi, masu tsokanarsa ma. Ni ce dai. Shekara talatin da wani abu ina masa ihu, ƙila muryata ce ta ishe shi. Ni ma in na ji kaina wani lokaci ba na so.

Ban dafa komai ba yau, burodi ya ci.

Lahadi, bayan la'asar

Inna.

Na kasa zama, na ce bari in je gidan Mai Walda, amininsa, shagonsu yana kallon juna, shi zai san komai. Ban same shi ba, sai matarsa. Kin san ta, doguwar nan da ta yi ta zuwa gaishe ki a asibiti. Mun daɗe ba mu haɗu ba. Bara na ji an ce ta kwanta an yi mata aiki, na je na gaishe ta a tsaitsaye, ban tambayi ko aikin mene ne ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ta ja ni kicin tana dafa shayi. Ina shiga na tsaya. Kantocinta duk a ƙasa suke, daidai cibiya. Ludayi, matsami, komai a ƙasa. Doguwar mace kamar ita. Ta ga ina kallo ta ce ai tun bayan aikin hannun nan ba ya ɗaguwa sama sosai, an daɗe kafin ya saki. Ta dafa ƙirjinta, ɓangaren dama. Sai ta ce, ai mijinki ya zo da tef ɗinsa ya auna su.

Na nemi kujera na zauna.

Ta ce sau uku yana zuwa, da abin nan a kunnensa, ya zauna a tabarma shi da mijinta yana ta tambaya kamar ɗan makaranta. Awa nawa ake yi a ciki. Me ake ci bayan an fito. Ta wane gefe ake kwanciya. Injin nan yana da zafi? Ta ce da ya rasa abin tambaya sai ya ce a maimaita masa na farko. Mijinta ya ce a kwanar layinmu yake tsayawa ya cire su ya sa a aljihu kafin ya shigo gida. Ita ta zaci ni na aiko shi, har tana cewa a ranta me ya hana ni zuwa da kaina.

Ranar Litinin ɗin nan, Inna. Ina kicin na ba ƙofa baya, ina faɗa wa Malama duk abin da likita ya ce, ɗaya bayan ɗaya, da muryata ta kullum. Na saba. Shekaru ina waya a gabansa kamar kabad ne a wurin. Na manta sam da wake biyun nan a kunnensa.

Matar ta riƙe min hannu. Can ta ce injin ba ya zafi, sanyi ma ake ji, ki tafi da safa. Ta ce ranar farko ita za ta raka ni har ƙofar ɗakin. Ta buɗe min ta nuna min wurin ma, ya warke sumul. Na kalla sosai. Ban zaci zan iya kalla ba.

Litinin, da yamma

Ya shigo da wani abu a kafaɗa, katako mai gangara da soso a jiki, ya ɗora a kan gado ta gefena. Ya ce wani ne ya sa a yi masa bai zo ya karɓa ba. Na ce Allah sarki. Na jingina, daidai bayana kamar an auna. An auna ɗin ne ma.

Na kalle shi, ya kalli silin. Ban iya ba yau.

Talata, bayan la'asar

Na yi.

Da ya dawo ya shiga ɗaki ya mayar da su akwati kamar kullum, ya fito kicin wanke hannu. Na shiga na ɗauko akwatin, na zo na ɗora a kan sabuwar kantarsa, tsakanin gishiri da sukari. Na rufe ƙofar kicin, na rufe taga. Na dafa kantar, na dafa ƙirjina, na kalle shi. Ya daɗe yana goge hannu da tawul, hannun da ya riga ya bushe.

Sai ya buɗe akwatin. Inna, na ga aiki. Ya ɗauki na dama ya kai kunnen hagu, ya dawo da shi, igiyar ta lanƙwashe, ya faɗi cikin kwanon albasa, ya tsamo ya hure. Hannuna har ƙaiƙayi yake, na tura su ƙarƙashin zane na zauna a kai. Da ƙyar suka zauna. Ya ja kujera ya zauna yana kallon ƙasa.

Ya ce, "To. Faɗi."

Na buɗe baki na ce BABAN MALAMA, da irin muryar da na saba. Ya zabura ya dafe kunnuwa biyu, ya ce ke za ki kashe ni ne. Matar tela ta ce ta bango, lafiya dai ko? Ya juya yana neman mai magana, ya ce wace ce wannan kuma? Na ce maƙwabciyarmu ce, ai da ita muke zaman auren nan tun da daɗewa. Muka yi ta dariya, ni da shi, har na riƙe gefena. Dariyar ce ta juye min.

Da na samu kaina na nemo ƙaramar muryata. Wallahi sai da na neme ta, na manta inda na ajiye ta. Na faɗa masa duka, tun daga ranar da na fara jin abin a wanka. Bai katse ni ba.

Ya ce, "Na ji tun ranar. Na shigo da murnata zan ce miki na ji ƙarar famfo tun daga ƙofa. Rabona da muryarki a hankali har na manta kalarta. Sai ga abin da na fara ji da ita."

Na ce to me ya sa ka bar ni ina ta bin ka da akwati.

Ya ce, "Na ga in ba ki faɗa min ba, kamar bai tabbata ba."

Na ce ya tabbata, jibi ne. Ya ce ya sani, ya riga ya gaya wa masu aiki ba zai buɗe shago ba. Na ce kuma akwai inji bayan nan, ni tsoronsa nake ji. Ya ce shi duk injin da ya sani sai da ya fara jin tsoronsa, wanda ba ya tsoron inji shi ne mai yatsu tara. Ya ce zai je ya tambaye su yadda yake aiki, shi za su yi wa bayani ba Malama ba, sannan ya faɗa min.

Shayin da na ɗora ya ƙone ƙurmus. Shi ya fara jin tukunyar tana ƙara.

Laraba, da azahar

Tun safe suna kunnensa, kuma na shiga uku da ƙorafi. Wai firij ɗinmu haka yake kuka dama? Wai silifas ɗina kamar ana mari. Wai ashe ina magana ni kaɗai in ina wanke-wanke, da wa nake yi? Na ce da Inna. Ya ce ki gaishe ta.

Na kunnen dama yana masa fito da gaske, ashe wannan ba ƙarya ya yi ba. Ya ce in mun fito zai je wurin yarinyar da kansa. Masu tsokana kuma ya ce yanzu da yake jin su ya gane ba su iya tsokanar ba ma.

Na haɗa jaka. Na sa safa. Malama ta taso, za ta kwana gidan ƙawarta kusa da tasha ta zo da mota da safe.

Alhamis, da sassafe

Ban ci komai ba kamar yadda suka ce. Shi ma ya ƙi shan shayi, na ce kai ba kai za a yi wa ba, ya ce bai ji ba. Na ce ƙarya kake, ga su nan ina gani.

Ya sa rigarsa mai kyau, ya sa akwatin cajin a aljihu da wayar cajin duka, wai ko za a daɗe. Yana zaune a bakin gado da jakata a cinya. Ni ina jingine da katakon mutumin da bai zo ya karɓa ba. Ɗazu na ce a hankali, can ƙasa, ba da shi nake ba ma, na ce Allah ka sa in dawo kicin ɗin nan. Bai juyo ba ya ce amin.

Ki yi min addu'a a inda kike. In na fito zan gaya miki yadda injin yake, in kuma hannun bai yarda da danna waya ba sai in sa shi ya

Ya ce ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ni ban ji ba. Ya ce ga shi an ƙara, a hankali ake yi, bugun Malama ne. Ya miƙe. Bari in